Kabad Mai Tantance Wayoyin Masana'anta

A matatar mai ko masana'antar siminti, ɗaruruwan na'urori ne ke auna zafi da matsin iska da cikar tankuna. Kowace takan aika saƙonta ɗakin sarrafa injuna ta waya. Wasu sukan aika lantarki mai ƙarfin miliamfiya 4 zuwa 20 gwargwadon awo, wasu kuwa "a kunne" ko "a kashe" kawai suke sanarwa.

Matsalar ita ce, kebul guda yakan kwaso wayoyin na'urorin da ke maƙwabtaka, ko da saƙonninsu sun bambanta, alhali a tsarin da aka saba kowane katin kwamfuta saƙo iri ɗaya yake karɓa. Don haka akan kafa kabad na ƙarfe a tsakani. Wayoyin kebul su sauka a jeri ɗaya, na katuna a wani jerin, sannan ma'aikaci ya ja gajerun wayoyi yana sada kowace da gurbinta.

In aka musanya waya biyu, injiniya zai riƙa duba awon wani tanki yana zaton na wani ne, har mai ya malale. Shi ya sa akan sa wa kowace waya lamba a bakinta biyu, a kuma gwada su ɗaya bayan ɗaya kafin a ta da injuna.