Madarar Da Ba Ta Da Suna

Jama'a, kowa ya san algus. Mai tallar nono marar tsoron Allah takan ƙara ruwa cikin ƙwarya, sa'an nan ta kaɗa garin 'ya'yan kuka don nonon ya yi kauri. Wannan ha'inci ne, amma kuka ba ta kisa. Ga labarin wani algus wanda ya yi kisa.

Cikin shekarar 2008, a ƙasar Sin, jarirai suka yi ta kamuwa da wani ciwo. Yaro ya yi ta tsala kuka in zai yi fitsari. Wani ma fitsarin ya ƙi fita. Da likitoci suka duba, sai suka tarar da tsakuwa cikin ƙodar yaran. Suka yi mamaki ƙwarai, gama wannan ba ciwon jarirai ba ne. Aka bi sawu, sai aka ga madarar gari iri ɗaya yaran suke sha, ta wani kamfani mai suna Sanlu. Daga baya aka sami gubar cikin madarar kamfanoni fiye da 20.

Ga yadda abin ya faru. Akwai dillalai masu tara madara daga wurin masu shanu, su kai wa kamfani. Waɗansunsu suka riƙa ƙara mata ruwa. To, kamfani yakan auna madara kafin ya saya, ya ga ko tana da abin gina jiki. Sai dillalan suka nemo wani farin gari, sunansa melamin. Da shi ake yin farantan roba masu tauri. Ba abinci ba ne ko kaɗan. Amma in an zuba shi cikin madara mai ruwa, sai ya ruɗi ma'aunin, ya nuna kamar madarar kirki ce. Uwa ta buɗe gwangwani, ga gari fari fat, ba wari, ba ɗaci. Kyan ɗan maciji ke nan.

Yara wajen 300,000 suka kamu. Fiye da 50,000 aka kwantar a asibiti. Bisa lissafin Gwamnatin ƙasar, 6 suka rasu. Cikin 2009 aka kashe mutum biyu bisa hukuncin kotu saboda wannan aiki.

Abin bai tsaya a Sin ba. Da madarar nan an yi alewa da biskit, an kai waɗansu ƙasashe. Ƙasashe da yawa, har da na Afirka, suka hana shigo da kayan madarar Sin a lokacin.

Yanzu ku lura da wani abu. Da aka yi shela aka faɗi sunayen madarar, mai gwangwani a ɗaki ya duba, ya ga sunan, ya daina ba ɗansa. Sunan da ke jikin gwangwanin shi ya cece shi. To, mu fa? A kasuwanninmu akan farke babban buhun madara da ya zo daga waje, a auna da cokali, a ƙulla a leda. Ƙullin nan ba suna, ba ranar da aka yi shi. Ko da an yi shela a rediyo, ina za ka san ko naka ne? Ba mu ce duk madarar awo guba ce ba. Amma ba ta da mai ita, kuma ba a yi ta domin jarirai ba. Jariri, nonon uwarsa kaɗai ya ishe shi har wata 6.

In za ka sayi abin gwangwani ko na kwali, juya shi ka karanta. Nemi sunan kamfani da ƙasar da aka yi shi. Nemi haruffan nan uku, EXP. Watan da shekarar da ke gabansu su ne ƙarshen amfaninsa. A Nijeriya akwai hukumar NAFDAC, wadda aka kafa cikin 1993 domin duba abinci da magani. Kayan da ta yi wa rajista suna ɗauke da lambarta. Ɓarayi sukan buga lambar ƙarya, gaskiya ne. Duk da haka wanda ba shi da lamba sam, bar wa mai kanti abinsa. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa a baki, kada ka saya ko an karya maka kuɗinsa.

In yaro ya ci wani abu ya kamu da ciwo, kada a jefar da gwangwanin ko kwalin. A tafi da shi asibiti tare da yaron, a nuna wa likita.