Hulba a Tukunyar Miya: Kaɗan Ta Isa

Iyaye mata da yawa a Gwiwa, Roni, Babura da Kazaure sun san hulba, amma a matsayin magani: a tafasa a sha, ko a ba mai jego. Kaɗan ne ke sa ta a girki, kuma wadda ta gwada sau da yawa takan ce miyarta ta yi ɗaci. Laifin ba na hulba ba ne, na yadda aka sarrafa ta ne.

Mece ce hulba?

'Ya'yan wani tsiro ne dangin wake, ƙanana, masu tauri, launin rawaya. Sunan daga Larabci muka samo shi. Indiya ce ta fi kowace ƙasa noma ta. A Habasha tana cikin haɗin yajinsu, a Sudan kuma ana dama kunun ta da madara don masu jego. Tana ɗauke da sinadarin gina jiki da na ƙarin jini, amma abin da ake sawa a tukunya bai kai ya maye gurbin wake, gyaɗa ko zogale ba.

Yadda za a rage ɗacin

1. A tsince ta, a cire tsakuwa da ƙura.
2. A soya ta a busasshiyar tukunya, ba mai, a wuta kaɗan, ana juyawa. Da ƙamshi ya tashi, launin ya ɗan yi duhu, a sauke. Idan ta ƙone, ɗacin ƙaruwa yake yi.
3. Ta huce, a daka, a tankaɗe, a zuba a kwalba mai murfi.

Ko kuma a jiƙa ta ta kwana, a zubar da ruwan, a niƙa tare da kayan miya.

Nawa za a sa?

Rabin ƙaramin cokali ya ishi tukunyar miyar gida guda. A sa tun farko tare da albasa da daddawa domin ta dahu. Tana dacewa da miyar taushe, miyar kuka, faten wake da yajin daka. A fara da kaɗan. Ana iya ƙarawa, amma ba a iya cirewa.

A yi hattara

Mai ciki kada ta sha tafasasshiyar hulba ko garinta da yawa, don tana iya motsa mahaifa. Mai shan maganin ciwon suga ya tambayi ma'aikacin lafiya, domin tana sauke suga. Wanda gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi ya guje ta. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 kuwa nono zalla ne abincinsa, ban da ruwan hulba.

Mai jego ta sani: abin da ya fi kawo ruwan nono shi ne yawan shayarwa, cin abinci a ƙoshi, da hutu. Mu mazajen gida, wannan nauyin a wuyanmu yake.