Idan shafin ma'aikata ya yi nauyi bayan sabunta manhaja, ina za a fara dubawa?

Abu ne da aka saba gani a ma'aikatu da hukumomi: sashen fasahar sadarwa ya sanar cewa za a sabunta manhajojin shafin intanet a ƙarshen mako, ranar Litinin kuma a wayi gari shafin da yake buɗewa nan take ya koma tafiyar hawainiya. Zargin farko yakan faɗa kan kamfanin da ke ba da intanet, na biyu kan ɗan kwangila, daga nan sai a fara rubuta takardar neman sayen sabuwar sabar. Sau da yawa kuwa matsalar ba ta kai nan ba. Tana maƙale ne a wani ɓangare da masana ke kira rumbun wucin gadi.

Rumbun wucin gadi manhaja ce da ke zaune tsakanin mai ziyara da babbar sabar da ke haɗa shafi. Aikinta kamar na magatakardan da ya ajiye kwafin wata sanarwa a kan teburinsa ne. Mutum na farko da ya nemi sanarwar, sai an je rajista an ɗauko fayil, amma duk wanda ya biyo baya kwafi ake miƙa masa ba tare da an tashi ba. Idan aka sami abin da ake nema a rumbu, an yi samu. Idan sai an koma babbar sabar, an yi rashi. Yawan samu cikin kowace buƙata ɗari shi ne ma'aunin lafiyar rumbun.

Lissafin yana da sauƙi, amma yakan ruɗi mai kallo. A ɗauka rumbu yana amsa buƙatu 90 cikin 100, wato guda 10 kacal ke isa babbar sabar. Idan samu ya faɗo zuwa 50, buƙatu 50 ke nan za su isa gare ta. A ido ma'aunin bai ma ragu da rabi ba, amma nauyin da ke kan sabar ya ninka sau biyar. Ranar da aka buɗe shafin neman aiki ko aka fitar da jerin sunayen waɗanda suka sami ƙarin girma, wannan bambanci ne ke raba shafin da ya jure da wanda ya durƙushe.

Misalin da ya fi fito da lamarin fili shi ne na Varnish, ɗaya daga cikin fitattun manhajojin wannan aiki. Injiniya ɗan ƙasar Denmak, Poul-Henning Kamp, ne ya tsara ta domin shafin jaridar Verdens Gang ta ƙasar Norwe, aka sake ta a 2006. Da zubi na 4.0 ya fito a 2014, masu kula da shafuka sun ci karo da sauye-sauyen da har yau suke koyar da darasi.

Na farko shi ne canjin ƙa'idar da manhajar ke zuwa da ita daga masana'anta. Duk amsar da babbar sabar ta aiko tana iya zuwa da wani umarni a kanta mai suna Cache-Control, wanda ke cewa a ajiye ko kada a ajiye. Zubi na 3 bai damu da kalmomin hani irin su no-cache da private ba, don haka injiniyan da ya ba shafi wa'adin awa guda da hannunsa ya gama aikinsa. Zubi na 4 kuwa yana mutunta hanin. Shafukan da aka gina da PHP sukan aiko da irin wannan hani da zarar sun buɗe wa mai ziyara zama, ko da kuwa shafin sanarwa ce ta kowa da kowa. Sai ga rumbu yana ƙin ajiye abin da jiya yake ajiyewa, alhali babu abin da ya lalace.

Na biyu shi ne girman rumbun. Lokacin da tsarin Linux irin su Debian 8 na 2015 suka koma amfani da systemd wajen tayar da manhajoji, fayil ɗin da aka saba rubuta saitin Varnish a ciki ya daina aiki. Wanda ya ware wa rumbu gigabait huɗu sai ya tarar an mayar da shi megabait 256 da kunshin ya zo da su. Ƙaramin rumbu dole ya riƙa zubar da tsohon kaya domin ya karɓi sabo, kuma akwai ma'auni mai suna n_lru_nuked da ke ƙirga yawan abin da aka zubar saboda ƙarancin wuri. Idan yana hauhawa ba ƙaƙƙautawa, an gano bakin zaren.

Na uku kukis ne, wato 'yan bayanan da shafi ke ajiyewa a wayar mai ziyara. A ƙa'idarta ta asali, Varnish ba ta amsa buƙatar da ta zo da kukis daga rumbu, domin tana ɗaukarta a matsayin ta mutum ɗaya. Idan sabuntawar ta zo da wani sabon ƙari, kamar na ƙididdigar baƙi, wanda ke liƙa wa kowa kukis, to kowane baƙo ya zama na musamman. Makamancin haka ke faruwa da wutsiyar da ake liƙa wa adireshi, kamar fbclid da Facebook ke ƙarawa: shafi ɗaya ne, amma rumbu yana ganinsa a matsayin dubban shafuka daban-daban.

Kafin a zargi ko ɗaya daga cikin waɗannan, akwai dalili mafi sauƙi. Rumbun da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta yana wofinta duk lokacin da aka kashe manhajar aka kunna. Don haka faɗuwar samu a sa'o'in farko bayan sabuntawa ba cuta ba ce, rumbun ne bai cika ba tukuna. Abin damuwa shi ne idan an kwana an wuni ma'aunin bai farfaɗo ba.

Bincike mai kyau yana bin tsari. Ana farawa da varnishstat domin a ga yawan samu, yawan rashi, da yawan buƙatun da aka wuce da su kai tsaye. Bambancin na biyu da na uku yana da muhimmanci: rashi yana nufin an duba ba a samu ba, wucewa kuwa tana nufin rumbun ya yanke shawarar ba zai ajiye ba. Daga nan sai a ɗauki shafi ɗaya a buɗe shi sau biyu. Idan lambar Age, wadda ke nuna daƙiƙun da kwafi ya yi a rumbu, ta tsaya a sifili har a karo na biyu, ba a ajiye shi ba, kuma varnishlog zai nuna dalili. A ƙarshe a jera tsohon saiti da sabo a gwada su layi bayan layi, a riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda.

Akwai gajeriyar hanyar da ke jan hankalin injiniyan da shugabanni suka matsa wa lamba: ya umarci rumbu ya ajiye komai, ya yi watsi da kukis da duk wani hani. Ma'aunin zai tashi nan da nan, amma garin neman gira ana iya rasa ido. Ranar 25 ga Disamba, 2015, kuskuren saitin rumbu a dandalin wasanni na Steam ya sa aka nuna wa wasu masu ziyara shafukan wasu, kuma kamfanin Valve ya ce abin ya shafi mutum kusan 34,000, har da adireshinsu da tarihin sayayyarsu. A shafin gwamnati, abin da zai fita yana iya zama takardar albashi ko lambar asusun banki. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora alhakin irin wannan sakaci a kan hukumar da ke riƙe da bayanan.

Darakta ko mataimaki na musamman ba ya buƙatar iya karanta saitin manhaja kafin ya kare ofishinsa. Tambayoyi huɗu sun isa kafin a sa hannu a takardar sayen sabuwar na'ura. Nawa ne ma'aunin samu kafin sabuntawa, nawa ne yanzu? An gwada sabon zubin a wata sabar ta gwaji kafin a ɗora shi? Waɗanne shafuka ne aka hana ajiyewa, kuma wa ya amince da jerin? Idan gyara ya ci tura, awa nawa za a ɗauka a koma tsohon zubi? Ofishin da ya sa waɗannan tambayoyi cikin sharuɗɗan kwangila tun farko zai san ko kuɗin sabuwar sabar ya zama dole, ko kuwa gyaran layi biyu na saiti ya wadatar.