Auren Wakilci da Takardun Kanada: Abin da Miji da Waliyyi Za Su Sani Kafin a Ɗaura



Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, balle da ya iso Sinja da Dindir da Suki a 2024, da wuya ka sami gidan da bai ɗanɗana rabuwa ba a garuruwanmu. Wasu 'ya'yanmu suna Masar, wasu Saudiyya, wasu kuma Allah ya kai su Kanada, ta hanyar gudun hijira ko karatu. Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 da ƙafa suka iso bakin kogin nan, da matansu da 'ya'yansu, ba wanda ya tambaye su takarda. Yau kuwa mace ba ta bin mijinta wata ƙasa sai da takarda. Shi ya sa ake yawan tambaya a masallaci: “Malam, yarona yana Kanada, mun ɗaura masa aure a nan, yaya zai ɗauki iyalinsa? In ta je, za ta iya aiki?”

To, amsar a taƙaice: aure zai iya inganta a Shari'a amma ofishin Kanada ya ƙi karɓarsa. Wanda ya san wannan kafin ranar ɗaurin aure ya huta, wanda bai sani ba zai iya barin 'yar mutane tana jira shekara da shekaru.

Kafalar can daban da ta Saudiyya

Mun saba da tsarin Saudiyya: miji ya yi wa matarsa istiƙdam, ta zauna a ƙarƙashin iƙamarsa, yana biya mata kuɗin murafiƙi, wanda aka fara da riyal 100 a wata a Yulin 2017, ya kai riyal 400 a Yulin 2020. In iƙamarsa ta ƙare, tata ma ta ƙare. A Kanada ba haka abin yake ba. Matar da aka amince da ita izinin zaman dindindin take samu, nata na kanta. Ko da aure ya mutu daga baya, Allah ya kiyaye, miji ba shi da ikon ƙwace shi, ba shi da ikon sa a koro ta. Iyaye mata su riƙe wannan, domin akwai masu tsorata mata da abin da ba ya hannunsu.

Nauyin a wuyan mai ɗauka yake. Dole ya kai shekara 18, ya zama ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin, kuma mai zaman dindindin sai yana zaune a cikin Kanada. Ba a karɓa daga wanda yake cin tallafin gwamnati na marasa hali, sai dai in na naƙasa ne. Zai sa hannu a kan alƙawarin ci da sha da sutura da muhallin matarsa na shekara 3 daga ranar da ta sami zaman dindindin. Saki ba ya warware alƙawarin nan, rasa aiki ma haka. In ta karɓi tallafin gwamnati a cikin shekarun, shi za a bi bashi. Kun ga, nafaƙar da Shari'a ta ɗora masa ce, sai dai ita wannan da sa hannu. Mace ma tana iya ɗaukar mijinta da sharuɗɗan nan.

A lura kuma: shirin musamman da Kanada ta buɗe wa 'yan Sudan ranar 27 ga Fabrairu 2024, mai gurbin buƙatu 3,250 a karon farko, na 'ya'ya ne da jikoki da iyaye da kakanni da 'yan uwan haihuwa. Matar aure ta hanyar ɗaukar nauyin iyali da aka saba take bi.

Inda gizo ke saƙa: wakilci

A wurinmu maza ne suke taruwa a masallaci ko ƙofar gida, waliyyin amarya ya bayar, wakilin ango ya karɓa, a ambaci sadaki, shaidu su shaida, ma'azun ya rubuta ƙasima, a shafa fatiha. Amarya tana ɗaki, ango kuwa wani lokaci yana bayan teku. Wannan aure ne ingantacce, babu kokwanto. Auren Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Ummu Habiba 'yar Abu Sufyan a Habasha aka ɗaura shi a gaban Najjashi, alhali shi yana Madina.

Amma tun watan Yunin 2015 ma'aikatar shige da ficen Kanada, wato IRCC, ba ta karɓar auren da aka ɗaura alhali ɗaya daga cikin ma'auratan ba ya wurin da jikinsa: na wakilci, na tarho, na bidiyon intanet, duk ɗaya ne a wurinsu. Togacin da aka yi na sojojin Kanada ne da ke bakin aiki. Ƙasimar da aka rubuta cewa wakili ne ya karɓa wa ango, ita da kanta za ta zama hujjar ƙin karɓa.

Maganin ba ya taɓa rukunin aure ko ɗaya. Waliyyi yana nan a matsayinsa, shi zai bayar. Abin da za a ƙara shi ne ango ya karɓa da bakinsa, amarya ta halarci majalisin, ko da a sashen mata cikin suturarta, ta sa hannu a gaban ma'azun. In masallaci bai dace da haka ba, a ɗaura a gida. A ɗauki hotuna, a ajiye.

In ango ya shiga Kanada ne a matsayin ɗan gudun hijira daga Sudan, kada a matsa masa ya zo gida ɗaurin aure. Komawa ƙasar da ya ce ya gudo daga gare ta, ko sabunta fasfonta, na iya jawo a janye masa kariya har da zaman dindindin. Ya fara neman shawarar lauya. Mafita ita ce a haɗu a wata ƙasa, kamar Masar ko Habasha ko Yuganda, waliyyi ya je ko ya wakilta amintacce, a ɗaura da halartar ango da amarya, a yi rajistar auren yadda dokar wannan ƙasar ta tanada.

Waɗanda aka riga aka ɗaura musu da wakilci fa? In sun tare, sun zauna gida ɗaya wata 12 a jere, akwai wani sashe na dokar da ke karɓar mutum biyu da suka yi irin wannan zama, matuƙar sun kawo shaida. Sunan sashen bai ambaci aure ba, amma kada ya dame ku, su a wurin Allah ma'aurata ne. In ba su yi zaman ba, a je wurin lauya mai lasisi kafin a biya ko kwabo. Kada wani ya ce zai “gyara” ƙasima.

Shekaru da kishiya

Kanada ba ta karɓar matar da ba ta kai shekara 18 ba. Auren zumunci tsakanin ɗan wa da 'yar ƙani kuwa, ko auren da iyaye suka haɗa, dokarsu ba ta hana ba, in dai da yardar juna ne kuma zaman aure ake nufi da gaske.

Mai mace fiye da ɗaya ya sani, uwargida kawai dokar take gani, domin duk auren da aka ɗaura alhali akwai wata igiyar a hannun mijin ba a ƙirga shi. 'Ya'yan amarya kuwa 'ya'yansa ne, yana iya neman ɗaukarsu da yardar uwarsu, in ba su kai shekara 22 ba kuma ba su yi aure ba. A nan shaiɗan yake shigowa da dabarar “sakin takarda”: a rubuta wa uwargida saki don a nuna wa ofis, a ce ai ba da gaske ba ne. Jama'a, malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa saki yana aukuwa ko da wasa aka yi shi. Mutum zai iya wayar gari yana zaune da matar da ya riga ya saka, ga kuma ƙarya a takarda.

Hukuncin ƙaryar ma ba ƙarami ba ne: wanda aka kama ya ɓoye gaskiya ko ya kawo takardar jabu, ana haramta masa shiga shekara 5. Haka mai neman tafiya da zai ce shi gwauro ne don fayil ɗinsa ya yi sauri. Matar ko ɗan da bai ambata ba lokacin da ya nemi zaman dindindin, asalin doka ita ce ba zai iya ɗaukarsu daga baya ba. Ɗan gudun hijirar da aka tsugunar kuma ya ambaci iyalinsa tun farko, yana da damar nema musu su biyo shi a cikin shekara 1 da isarsa. Kun ga gaskiya ta yi rana.

Ƙofa biyu, da izinin aiki

Ƙofa ta farko: matar tana waje, a Suki ko Gadarif ko Alƙahira, miji ya cike buƙata ta intanet. In an amince, da zaman dindindin take sauka, kuma ba ta buƙatar wani izinin aiki ko kaɗan. In an ƙi, miji yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara. Wannan ita ce ƙofar yawancin 'ya'yanmu.

Ƙofa ta biyu: matar ta riga ta shiga Kanada da bizar ziyara ko ta karatu, suna zaune gida ɗaya da mijin, sai a nema daga ciki. Ita wannan ba ta da ɗaukaka ƙara irin ta farko, kuma in matar ta fita ƙasar aka hana ta komawa, buƙatar na iya rushewa.

Buɗaɗɗen izinin aiki na wadda take cikin Kanada ne tana jiran hukunci. An kira shi buɗaɗɗe domin ba a ɗaure shi da kafili ko kamfani ɗaya ba, tana iya aiki nan, in bai yi mata ba ta koma can. Ana nemansa ne bayan an sami wasiƙar da ke nuna an karɓi buƙatar zaman dindindin cikakkiya, tana zaune tare da mijin, kuma izinin zamanta na wucin gadi bai mutu ba. Tun 2023 an faɗaɗa shi ga wadda aka nema mata ta ƙofar farko amma tana cikin ƙasar. Yana kaiwa shekara 2, sai dai ba ya wuce ranar mutuwar fasfo. Kada ta fara aiki kafin ya fito. Saboda haka duk dillalin da ya ce zai samo wa matar da ke Suki wannan izini tun tana gida, kuɗinku yake so.

Batun ko za ta yi aikin, da irin aikin, ma'aurata su tattauna shi tun kafin tafiya, da sanin iyaye. Albashinta nata ne a Shari'a, kuma bai sauke wa miji nafaƙa ba, abin da ta taimaka da shi kyautatawa ce.

Abin da za a fara tarawa

Fasfo mai sauran kwana da yawa, da raƙam waɗani. Ƙasimar aure ta asali. Takardar haihuwar kowane yaro. Takardar saki ko ta rasuwa ga wanda ya taɓa aure. Fish na 'yan sanda daga kowace ƙasa da ta zauna wata 6 a jere tun da ta cika shekara 18. A duba rubutun suna sosai, kada fasfo ya ce Hauwa, ƙasima ta ce wani abu daban. Duk takardar Larabci sai an fassara ta zuwa Turanci ko Faransanci, kuma ba a karɓar fassarar ɗan uwa. Sai shaidar cewa auren na gaske ne: hotunan biki, saƙonnin WhatsApp, rasit na kuɗin da yake aikowa. Wanda takardunsa suka ƙone ko suka ɓace a gudun hijira, ya nemi madadinsu daga hukuma, ya rubuta bayanin yadda abin ya faru.

Gwajin lafiya sai wurin likitan da Kanada ta amince da shi, hoton yatsu kuma sai a cibiyar da ta ware. Ofishin jakadancinta na Khartum ya dakatar da aiki tun Afrilun 2023, don haka a yi shirin tafiya, da guzuri da muharrami. Bisa farashin da ya fara aiki ranar 30 ga Afrilu 2024, kuɗin buƙatar mace ɗaya dalar Kanada 1,205 ne, hoton yatsu 85, izinin aiki 255. Ana sabunta farashin, miji ya duba shafin IRCC ranar biya. Fom ɗin kyauta ne. Wa'adin da ma'aikatar ta ɗora wa kanta wata 12 ne, amma yakan zarce, musamman ga mazauna lardin Kebek, mai nasa tsarin daban.

Jiran nan haƙƙi ne a kan miji. Dokar iyali ta Musulmi ta Sudan ta 1991 ta ba mace damar kai ƙara a raba aure in miji ya yi nisa shekara ɗaya ko fiye kuma ta cutu. Saboda haka waliyyi, kafin ka bayar, tambayi mai nema: wane irin zama gare ka a can? Ka ambaci wata matar a takardunka? Za ka halarci ɗaurin auren da kanka? Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya, a ba shi. Wanda ya fara kame-kame, a dakata.

Allah ya haɗa kowane miji da iyalinsa cikin aminci, ya mayar da waɗanda suka warwatsu gidajensu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.