Waya Ba Tare da Waya Ba: Sadarwar Iska da Sunayenta a Hausa

Kalmar “waya” ararriya ce daga Ingilishi, kuma asalin ma'anarta zaren ƙarfe. Wannan maƙala za ta duba yadda kalmar ta rayu bayan an tsinke zaren.

Kafin shekarar 2001, layukan tarho a Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, akasarinsu na NITEL. Dalili kuwa shi ne tsada: kowane gida sai an ja masa zaren tagulla, an kafa turaku ko an haƙa rami. Sadarwar iska ta kawar da wannan ɗawainiya, domin hasumiya guda tana isar wa ƙauyuka da dama. A watan Janairun 2001, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM a Abuja, kowane ɗaya a kan dala miliyan 285. Zuwa Agusta, Econet da MTN sun fara aiki. Karkara ba ta samu rabonta nan take ba, shi ya sa Gidauniyar Fantsuam ta kafa wa al'ummar Kafancan nata tsarin intanet na iska a 2007.

Abin lura ga manazarcin harshe shi ne, Bahaushe bai jira kwamitin ƙirƙirar kalmomi ba. Ya ce “wayar salula”, ya ce “wayar hannu”, sannan ya ɗauko “tafi-da-gidanka”, wadda da ma ke cikin harshen, ya laƙaba mata. Ta ƙarshen ta fi armashi, amma tsawonta ya sa ta fi zama a bakin 'yan jarida. A kasuwar Wuse, “waya” kawai ake cewa.