Gaskiya ko Jita-jita: Gidan Yari, Haraji da Hanya, Wa Za Mu Tambaya?

A teburin mai shayi ko a tashar mota, da hira ta biyo ta kan lalacewar hanya ko cunkoson gidan yari, sai mu ce "gwamnati ce", kamar mutum ɗaya ce. Alhali a Nijeriya hawa uku ne: tarayya, jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, kowa da nauyin da doka ta ɗora masa. Wasu maganganun mun gaje su ne ba mu taɓa bincikawa ba, kuma suna sa mu kai kukanmu ƙofar da ba ita ba.

"Duk wanda ke gidan yari mai laifi ne"

Ba haka ba ne. Kusan biyu cikin kowane mutum uku da ke tsare a gidajen gyaran hali na ƙasar nan jiran shari'a suke yi, babu alƙalin da ya same su da laifi tukuna. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 36, ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar. Sashe na 35 kuma ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan ta fi nisa.

Me ya sa wannan zato ya kama zukatanmu? Kunya ce babba. Dubi uwa a bakin ƙofar gidan yari da safe, riƙe da kwanon tuwo ɗaure a ƙyalle, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska don kada 'yan unguwa su gane ta. Ɗanta ya yi wata goma a ciki saboda fayil ɗinsa na jiran shawarar ma'aikatar shari'a, amma ba za ta faɗa wa kowa ba. Mu da ke waje katanga kawai muke gani, sai mu ɗauka duk wanda ke bayanta an yanke masa hukunci.

Akwai abin da ya kamata mu sani game da alhaki. A 2019 aka sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta gyaran hali, kuma ta tarayya ce. Sai dai yawancin waɗanda ke ciki laifin dokar jiha ake tuhumarsu da shi, a kotunan jiha. Babban jojin jiha yana da ikon ziyartar gidan yari ya saki wanda zamansa ya wuce ƙa'ida. Tun gyaran tsarin mulki na 2023 ma, jiha na iya gina nata gidan gyaran halin. Don haka kwamishinan shari'a na jiharmu yana cikin waɗanda za mu tambaya.

"Talaka ba ya biyan haraji"

Wannan maganar tana da asali. Iyayenmu sun san haraji da jangali, waɗanda dagaci da mai unguwa ke bi gida-gida da ruga-ruga suna karɓa. Da gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke su bayan hawansu mulki a 1979, sai muka ɗauka an gama da talaka ke nan. Harajin da ake zuwa ƙofa a karɓa ne ya tafi, wanda ke ɓoye cikin farashi yana nan. Harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020, kuma duk wanda ya sa kati a waya ya biya shi. Ga tikitin da mai tebur ke yanka a kasuwa, ga na ɗan adaidaita kowace safiya, ga kuɗin shiga kara da dabba. Mai albashi kuwa tun kafin kuɗin ya iso hannunsa an cire, kuma mafi yawan wannan harajin asusun jiha yake shiga.

Illar wannan zato ita ce, wanda ya yarda bai biya komai ba ba ya jin yana da bakin tambaya.

"Duk hanyar da ta lalace, Abuja ce ta ƙi gyarawa"

Wani lokaci gaskiya ne. Hanyar Abuja zuwa Kaduna, Zariya da Kano ta tarayya ce, haka ta Kano zuwa Maiduguri. Amma hanyoyin tarayya ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na hanyoyin ƙasar ba. Titin cikin gari galibi na jiha ne, hanyar burji da manomi ke fitar da amfanin gona kuma ta ƙaramar hukuma ce. Kuskuren yana yaɗuwa ne saboda babu allon da ke nuna mai hanya, kuma ɗan siyasa na gida ba zai yi gaggawar gyara mana fahimta ba, tun da nuna Abuja da yatsa yana sauke masa nauyi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Shugaban ƙaramar hukuma kuwa, wanda za mu tambaya yadda aka kashe kason, maƙwabcinmu ne, muna haɗuwa da shi a masallaci da wurin jana'iza.

"Titi da rijiyar burtsatse kyauta ce daga mai girma"

Idan an rubuta sunan mutum a jikin allo, an yi kiɗa ranar buɗewa, dole abin ya yi kama da kyauta. Mu kuma mutane ne masu godiya, ba laifi ba ne. Amma da kuɗin baitulmali aka yi aikin, wato kuɗinmu, kuma doka ta ba mu damar sanin nawa aka kashe. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ba sai ya faɗi dalilinsa ba, ita kuma ta amsa cikin kwana 7.

Saboda haka, mai karatu, idan ƙungiyar unguwarku za ta zauna kan wata hanya da aka fara aka watsar, ku fara gano wane hawa na gwamnati ne ya ba da kwangilar. Sannan ku rubuta takarda ku tambayi kuɗin aikin da ranar da aka ce za a gama, ku kai ofishin, ku tabbata an buga wa kwafinku hatimin karɓa.