Birkin Mota Mai Turbo da na Marar Turbo: Wanne Ya Fi Amana a Hanyar Lolo?

Mai sayen mota a Lolo, kamar takwaransa na Kamba ko Jega, abu uku ya fi tambaya: shan mai, ƙarfin ja da tsadar kayan gyara. Da wuya ka ji an tambayi inda birki ke samo ƙarfinsa. Alhali sababbin motocin Turai da ke shigo mana da sunan 'yan Kwatano, da yawansu ƙananan injuna ne masu turbo, kuma wannan sauyi ya taɓa birki ta inda direba ba ya gani. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga ranar 1 ga Janairun 2017, amma ko ta Legas mota ta biyo, idan ta zo jigila tsakanin Lolo, Illo da Bagudo, a hannun bakaniken nan za ta kwana.

Ƙafar mutum kaɗai da ƙyar take tsayar da motar da aka cika da buhunan shinkafa. Shi ya sa a bayan mastar birki ake maƙala wata baƙar ganga da makanikai ke kira busta. An raba cikinta biyu da faifan roba. Idan aka zuƙe iskar ciki, direba ya taka birki, iskar waje ta danno ɗaya gefen, sai takun nasa ya ninka wajen sau uku ko huɗu. Duk bambancin motocin biyu yana kan wanda ke zuƙe wannan iska.

A motar fetur marar turbo, irin su Carina, Golf 3 da tsohuwar Corolla, injin ne da kansa. Da zarar direba ya ɗaga ƙafa daga totur, ƙofar iska ta rufe, fistin kuwa na ci gaba da tsotso, sai busta ta samu abin da take so ta tiyo ɗaya da ɗan bawul mai hana iska komawa. Iyakar kayan ke nan. Abin da ya fi burge ni shi ne lokacin da mutum ke neman birki shi ne lokacin da ya saki totur, wato daidai sa'ar da zuƙar ta fi ƙarfi. Wannan tsari yana lalacewa, ba shakka. Zafin bazara kan busar da tiyo ya tsage, faifan roba kan huje. Sai dai yakan yi sallama kafin ya tafi: za ka ji huci in ka taka, ko injin ya riƙa rawa a tsaye. Gyaran tiyo kuma bai fi ƙarfin kowane gareji ba.

Turbo aikinsa ɗura iska cikin inji. Yayin da mota ke ja, matsin iskar ciki ya zarce na waje, babu abin da busta za ta tsotsa. In an saki totur zuƙar kan dawo a injin fetur, amma ba kullum take isa ba, injin gas kuwa ba shi da ita sam. Dole aka ƙara famfo na musamman. Wani famfon, kamshaf ke juya shi, baƙin man inji ke shafe shi. A tsofaffin Hilux masu gas yana manne a bayan altaneta. Wani kuma da wutar batir yake aiki.

A ba wa famfo haƙƙinsa. Bai damu da inda ƙafarka take ba. Ko kana hawa da lodi, ko kana taka birki a jere cikin cunkoson ranar kasuwa, ƙarfin ba ya raguwa. Muddin yana lafiya, ya fi tsohon tsari daidaito.

To amma lafiyar tasa ta rataya a kan abubuwa da yawa. A 2013 kamfanin BMW ya kira motoci sama da 76,000 a Amurka, masu injin turbo mai silinda huɗu, saboda man da ke bi ta kamshaf zuwa famfon kan toshe, famfo ya mutu, birki ya sandare. A shekarar dai General Motors ya kira Chevrolet Cruze kusan 293,000 masu injin turbo mai lita 1.4, a kan wani ɗan makunni da ke tayar da famfon lantarki. Waɗannan sababbin motoci ne, a ƙasar da ake juyen baƙin mai a kan kari da mai na ƙwarai. Mu a nan fa? Akwai mai sayen baƙin mai a gora a bakin hanya, akwai mai jinkirta juye har man ya yi kauri, ga ƙurar hunturu. Direban da ke tsimin kuɗin juye a motar turbo bai san birkinsa yake tsimewa ba. Idan famfon ya cije, wani lokaci ba ya tafiya shi kaɗai, har kamshaf yakan yi wa ɓarna. Na lantarki kuwa fis, waya ko ruwan damina a fadamar Neja sun ishe shi. Sannan ba a samun sabo a Lolo. Sai an aika Birnin Kebbi ko Sakkwato, wani har Ƙofar Ruwa a Kano, mota na ajiye, iyali na jira.

Akwai ɗabi'ar da ke kashe tsarin biyu baki ɗaya. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, wasu direbobi sun ƙara rungumar kashe inji a gangara don rage shan mai. Da inji ya mutu, zuƙa ta tsaya, famfo ya tsaya. Abin da ya rage a busta bai wuce taku biyu ko uku ba. Kofin man da aka tsira da shi bai kai ran fasinja ɗaya ba. Kuma ya kamata kowane direba ya sani cewa in busta ta daina aiki, birki na nan, tauri kawai ya yi. A danna da iya ƙarfi, kada a saki, a rage giya.

Ga mai jigila a wannan yanki, inda gareji ke nesa da kayan gyara, na fi amincewa da motar fetur marar turbo. Mai turbo ba laifi ba ce ga wanda zai iya ciyar da ita mai mai kyau a kan lokaci, ya kuma san inda zai samo famfo. Kowacce za ka saya, kafin ka biya kuɗi ka kashe inji, ka taka birki har ya yi tauri, ka riƙe shi a danne, ka tayar da mota. In lafiya lau ne, za ka ji ya ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka. In bai nutse ba, kada ka ɗora mata fasinja sai bakanike ya duba.